Tsintsiya a Ƙofar Gudrun

Gudrun Nesheim ba ta sayen kifi sai ta shinshina shi, ko da a gaban idonta aka zaro shi daga ruwa yana fizge-fizge. In ka ce mata yau gari ya yi kyau, sai ta leƙa taga ta gani da idonta kafin ta amsa maka. Ni Torunn nake gaya muku, shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nata a nan Lomvik, garinmu na bakin teku, tun ina amarya, ga shi yanzu gwiwoyina har sun fara yi mini gardama a hawan tudu. Na san ta kamar yunwar cikina, kuma ba zan ɓoye ba, ta sha ba ni haushi. Na sha rantsewa na bar shiga sabgarta, washegari kuma in tsinci kaina a kicin ɗinta ina shan kofi.

Ita ce babba a gidansu. Uwarsu ta rasu tun ƙanenta Eilif yana rarrafe, ubansu kuwa masunci ne, rabin shekara yana teku, don haka ita ta goya yaron, ita ta yi masa wanki, ita ta ja masa kunne. Da ta girma ta shiga rumfar gyaran kifi ta bakin ruwa, can ta ƙare ƙuruciyarta tana feɗe ciki tana barbaɗa gishiri, har yatsunta suka lanƙwashe. Ba ta yi aure ba. Wani direban motar madara ya taɓa zuwa nema, ta zaunar da shi ta ba shi kofi, sannan ta dube shi ta ce, "Faɗa mini gaskiya, me kake so a wurina?" Bawan Allah ya yi ta in-ina. Ta ce ai dama ta sani, ta karɓe kofin daga hannunsa.

Eilif kuwa kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Siriri ne, jan gashi, dariya ba ta yi masa wuya, kowa nasa ne. Bayan rasuwar ubansu da 'yan watanni aka yi biki a tsibirin da ke gabanmu. Gudrun ta hana shi fita da jirgin uban saboda hadari, ya yi kunnen uwar shegu ya fita, ya sha ya yi tatul, a hanyar dawowa ya kai jirgin kan duwatsu. Shi ya tsira, jirgin ya tafi. Abin da uban ya bari ke nan a duniya, ban da gidan. Ina tsakar gidana ranar ina jin muryoyinsu ta bango, amma ban ji abin da suka ce wa juna ba. Da gari ya waye Eilif ya hau jirgin fito da jaka ɗaya, shekara arba'in da wani abu ke nan.

Ba ta taɓa cewa jiransa take ba, kuma wanda ya isa ya faɗa mata haka bai zo duniya ba tukuna. Amma duk ranar da jirgin fito zai tsaya, sai ka ga Gudrun a bakin ruwa da gyalen ulunta, wai ta zo duba ko burodin da aka kawo na jiya ne. Sai fasinja na ƙarshe ya sauka take tuna burodin. A hunturun da ya wuce wani ɗan garinmu da ke aikin jirgin kaya ya dawo ya ce ya haɗu da Eilif a wata tasha a Kanada, ya tsufa, zuciya na damunsa, kuma ya tambaya ko gidan na nan. Gudrun ta ce ƙarya ne, matuƙa jirgi in ba su sami labari ba sai su ƙirƙira. Amma daga ranar ko da dusar ƙanƙara na zuba ba ta fasa saukowa. Ta wuce saba'in, shi ma ya kusa. Kowa a gari ya san in ba su ga juna yanzu ba, to sai dai a lahira.

Manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido sun fara zuwa mana ne 'yan shekarun nan. Da safe ka buɗe labule ka ga wani farin abu ya tsaya tsakiyar ruwa ya fi hasumiyar cocinmu tsawo, ya tare mana dutsen da muka saba gani. Ba ya iya matsowa gaɓa, sai ƙananan jirage masu inji su yi ta kwaso mutane suna juyewa, har su fi 'yan gari yawa. Da yamma a busa ƙaho su koma, a bar mu da kofunan takarda. Ni dai ban ƙi su ba. Ina da ɗan teburi a bakin ruwa ina sayar da safar ulu da nake saƙawa duk hunturu, kuma ba sa tayawa, abin da ka ce shi suke biya. Saboda haka Gudrun take ce mini 'yar kasuwa.

Gidanta ne mafi tsufa a gari, mai rufin ciyawa, yana kan tudu inda ido yake fara sauka. A Lomvik ba ma kulle ƙofa. In za ka fita, ka jingina tsintsiya a jikin ƙofar, bakinta sama, shi ke nan, ko ɗan da ka haifa ba zai taɓa mariƙin ba sai ka dawo. Wata rana Gudrun ta dawo daga bakin ruwa ta tarar da wata mata riƙe da tsintsiyarta tana murmushi ana ɗaukarta hoto, wani ƙato kuma a cikin kicin ya buɗe tukunyar dankali yana leƙawa. Sun ɗauka gidan tarihi ne. Ta kore su da muciya. Da yamma ta duba ta ce cokalin katako na uwarta babu.

"Kin duba bayan murhu?" na ce.

"Ke kin taɓa ganin cokali ya yi ƙafa?"

"Wataƙila kin ba wani aro."

"Ni? Aro?" Ta kalle ni sama da ƙasa. "Sai dai ki kare su, ai abokan cinikinki ne. Wa ma ya sani ko ke kika nuna musu hanya."

Na tashi na bar mata kofinta ban shanye ba. Sai da muka yi kwanaki ba ma gaisawa.

Sai kuma ga Oddvar. Shi ne mai kantin gari, tun da jiragen suka fara zuwa ya sayi wata 'yar tuta yana zagayawa da baƙi rukuni-rukuni yana ba su labarai, rabi gaskiya rabi nasa. Idonsa na kan gidan Gudrun, yana so ya mai da shi wurin shan kofi. Ba mugu ba ne, baki ne dai da shi da naci. Duk ranar babban jirgi sai ya tsaya da mutanensa a ƙofarta ya ƙwanƙwasa.

"Gudrun, fito mana su gan ki. Sun zo daga nesa."

"Ni na aika su zo?"

"Gidan nan ya yi miki girma. Zan sama miki ɗaki mai ɗumi kusa da asibiti, babu hawan tudu."

"Ka sama wa kakarka."

"Kakata ta rasu, Gudrun."

"To ka bar ta ta huta, ni ma ka bar ni."

Wani lokaci yakan zo da wani baƙo mai kwat, su tsaya suna nuna rufi da yatsa. Gudrun ta tabbatar wa kanta cewa makirci ake ƙullawa, za a ce gidan ya ruɓe a fitar da ita. Ko fasto ya gaishe ta da fara'a sai ta ce Oddvar ne ya turo shi. Abin da ba ta faɗa, ni kuma na sani, shi ne ba don kanta take riƙe da gidan ba. Ba ta so Eilif ya hawo tudun nan ya tarar da wata yarinya tana tambayarsa kofi da madara ko babu.

Daga nan ta ɓullo da dabararta. Ranar babban jirgi tun da sassafe sai ta fito ta jingina tsintsiya a ƙofar gaba, ta zagaya ta shiga ta ƙofar ɗakin itace da ke baya, ta tokare ƙofar gaba da kujera daga ciki, ta hau sama ta zauna bayan labule. Wayar gidan ma zare ta take yi.

"Kujera don baƙi," ta ce mini, "tsintsiya don 'yan gari."

Raina bai so ba, na kuma faɗa mata. "Gudrun, tun da nake ban taɓa jin wanda ya yi ƙarya da tsintsiya ba. In kika faɗi a ciki fa? Wa zai shigo?"

"In na faɗi na huta da Oddvar."

"In kuma wani ya zo nemanki?"

Ta san wanda nake nufi. Ta ci gaba da goge tebur ba ta dube ni ba. "Mai nemana a jirgin fito zai zo, kamar mutum. Ɗan Lomvik ba ya zuwa garinsu da katin 'yan yawon buɗe ido rataye a wuya."

Dabarar ta yi aiki, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Oddvar ya san sarai tana ciki, amma in ya ga tsintsiya ƙafarsa ba ta iya taka dakalin, sai ya kaɗa tutarsa ya wuce da mutanensa yana ƙunƙuni. Baƙin da ke yawo su kaɗai kuwa sukan murɗa mariƙin, su ji a tokare, su manna fuska a gilashi, su tafi. Gudrun tana sama tana kallon tsakar kawunansu, da yamma ta ba ni labarin wanda ya fi kama da ɓarawo.

Ranar da nake son ba ku labari, ƙarshen bazara ne, babban jirgi na ƙarshe a shekara. Da tsakar rana safata ta kusa ƙarewa, na roƙi mai sayar da waina ta duba mini teburi, na hau gida ɗebo wasu. Ina fitowa na ji ana kirana ƙasa-ƙasa daga tagar baya.

"Torunn. Zo ki ga ɗan leƙen asirin Oddvar."

Na shiga ta ɗakin itace na hau sama. Ta ɗaga gefen labule kaɗan. Can ƙasa, kusa da tsohuwar rumfar jirgin ubanta, wani tsoho ne zaune kan dutse ya ba mu baya. Mai jiki ne, da farar hula irin tasu, da sanda, da katin jirgi a wuya. Da ya ɗan juya na ga farin gemu da baƙin tabarau.

"Tun safe yake nan," ta ce. "Sauran suna zuwa suna wucewa, shi ya kafe. Ya zagaya gidan. Ya ɗora tafin hannunsa a bango ya daɗe, yana jin ko katakon ya ruɓe. Ya ɗaga kai yana auna rufi. Ko hoto ɗaya bai ɗauka ba. Ɗan kallo da ba ya ɗaukar hoto, ke kin taɓa gani?"

"Wataƙila gajiya ya yi."

"Saurara ki ji. Wasu yaran baƙi sun zo sun murɗa ƙofa sun ture tsintsiya ta faɗi. Sai ya taso ya ɗauke ta, ya karkaɗe, ya mayar ya jingina. Bakinta sama, Torunn. Wa ya koya masa? Oddvar ne ya zaunar da shi ya karanta masa komai. So suke in ɗauka mutumin kirki ne in fito." Ta saki labulen. "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Zama da Gudrun yana da illa, zarginta yana naso. Ni ma da na sake leƙawa sai na ga kamar zaman nasa ba na banza ba ne. Na tuna mai kwat ɗin nan da ya zo yana nuna rufi. Duk da haka na ce mata ta sauka ta tambaye shi abin da yake nema, ai baki aka ba ta. Ta ce abin da suke jira ke nan, ta buɗe ƙofa su sami shaidar cewa tsohuwa ta ruɗe har tana ɓuya a gidanta. Cinikina na jirana, na bar ta a bayan labule na sauka.

Yamma ta yi, mutane suka fara layin komawa. Ina tattara kaya sai ga tsohon nan ya tsaya a gaban teburina yana haki. Ya ɗauki safa ɗaya. Su baƙi launi suke dubawa, su shafa a kumatu. Shi kuwa sai ya zura hannu ya juya ta ciki waje yana duba saƙar diddige, inda safa take fara mutuwa. Na yi masa magana da ɗan Turancin da nake ciniki da shi, na ce ulun tumakinmu ne. Ya amsa, amma ba da baki ba. Ya ja numfashi ciki ya ce i, yadda mu kaɗai muke yi a wannan gaɓar.

Na ajiye abin da ke hannuna. "Cire tabarau ɗin nan."

Ya cire. Gashi ya tafi, jiki ya zo, amma idon na nan.

"Eilif."

"Kada ki ɗaga murya, Torunn," ya ce da harshenmu, irin na da, wanda yara yanzu ba sa yi. "Har yanzu kina sakin zare a diddige."

"Ka ci gidanku. Shekara arba'in, abin da za ka fara gaya mini ke nan?" Na matso kusa da shi. "Me ya hawo da kai wannan abin? Ka rasa jirgin fito ne?"

"In na zo a jirgin fito ta kore ni, ina zan kwana? Gari ya taru yana kallona? Wannan kuwa da yamma zai tafi da ni, ko ta karɓe ni ko ba ta karɓe ni ba." Ya mayar da safar daidai ya ajiye. "Na je. Ba ta nan. Na jira na jira. Ina ta tafi, asibiti? Lafiyarta ƙalau?"

Da na tsaya na yi tunani da wataƙila na juya maganar. Amma murna ta rufe ni, na ɗauka albishir nake yi masa.

"Tana ciki. Tun safe tana ciki, tana sama tana kallonka."

Na ga fuskarsa ta canza a hankali. Ya dafa teburin.

"Na ga labule ya motsa," ya ce. "Na ce wa kaina iska ce."

"Ba ta gane ka ba. Saboda Oddvar take yi, da 'yan kallo, duk ranar jirgi haka take yi. Ta ɗauka kai ɗan aikensa ne."

"Gudrun ta yi ƙarya da tsintsiya saboda Oddvar mai kanti?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ba ki san abin da ta ce mini ranar da na tafi ba. Ta ce, in ka kuskura ka dawo, ko ina ciki tsintsiya za ka tarar. Yayata ba ta taɓa faɗin abu ta fasa ba. Wani ya gaya mata ina cikin jirgin nan, ta shirya mini."

"Wa zai gaya mata? Wa ya sani?"

"A Lomvik? Kafin ka yi tari an ce maka sannu."

Jinin gidan nan ɗaya ne, na rantse. Na tsaya ina kallonsa, kamar Gudrun ce da gemu. Na gaya masa duk ranar jirgin fito tana bakin ruwa, na gaya masa saboda shi ta hana gidan. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Ke mai kirki ce tun kina yarinya, Torunn, kin iya gyara magana." Na ce ya biyo ni mu hau tare. Ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki tudun nan sau biyu a yini ba, kuma ba zai je ya yi bara a ƙofar da aka rufe masa ba. Da ƙyar na sa ya yarda zai tsaya har ƙaramin jirgi na ƙarshe. In ta sauko, to. In ba ta sauko ba, ya ji amsarsa.

Na ari waya na buga, ba ta shiga, ta zare ta kamar kullum. Na bar teburi a buɗe na kama tudu. Ban san gwiwoyina suna da sauran wannan gudun ba. Na faɗa ta ɗakin itace ina kiran sunanta, na same ta a kicin tana feraye dankali hankali kwance, ɗan leƙen asiri ya tafi.

"Eilif ne. Mutumin nan Eilif ne. Yana bakin ruwa, tashi."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Na ga maganar ta shige ta, na ga kuma ta turo ta waje.

"Nawa Oddvar ya ba ki?"

"Gudrun, don girman Allah."

"Kun ga tsintsiya ta gagare ku, shi ne kuka ɗauko sunan yaron nan. Ban yi zaton za ki iya wannan ba, Torunn. Cokali dai na haƙura."

"Na yi magana da shi. Na ga idonsa."

"Eilif siriri ne."

"Ke ma da siririya ce."

"Eilif ba zai hau jirgin 'yan kallo ba. Kuma da shi ne, me zai zaunar da shi kan dutse kamar maraya? Gidan ubansa ne. Da shi ne da ya shigo."

A nan haƙurina ya ƙare. Na fizge wuƙar daga hannunta na ajiye.

"Mutum nawa suka murɗa ƙofar nan yau? Ke kika ce mini har yara. Duk wanda ya sauko daga jirgin nan ya hawo, sai da ya taɓa mariƙin nan, don ba su san komai ba. Mutum ɗaya ne ya ga tsintsiya ya tsaya. Da baƙo ne da ya gwada shiga, Gudrun. Kuma ya ce in tambaye ki abin da kika ce zai tarar in ya dawo."

Bai ce in tambaye ta ba, ni na ƙara. Amma ya yi aiki. Wannan maganar ba wanda ya san ta sai su biyu, ba Oddvar ba, ba ni ba kafin yau. Ta miƙe, dankalin ya zube daga cinyarta. Ta je ta janye kujerar, ta buɗe ƙofar gaba, ta fita ba gyale, da takalmin cikin gida.

Muna tsakiyar gangara aka busa ƙaho. Tsofaffi biyu ne muke gudu, ita tana gaba tana dafa shingen mutane, ni ina baya ina ce mata ta yi a hankali. Da muka iso babu kowa a layi. Ƙaramin jirgin ya riga ya yi nisa, ana ganin fararen huluna cunkushe a ciki, ba a gane na wane. Yarinyar da ke duba katinsu tana naɗe igiyar layi. Mai waina ta ce tsohon ya tsaya har sai da aka kira shi ana matsa masa, yana ta duban tudu, sannan ya shiga.

Gudrun ta taka har ƙarshen katakon gaɓa. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira ba. Tsayawa kawai ta yi inda za a iya ganinta, har aka janye ƙaramin jirgin sama, babban ya juya ya bi tsakanin duwatsu ya ɓace. Na tsaya a bayanta ina kuka, ina jin haushinta, ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsu.

Oddvar ne ya zo da rigarsa ya yafa mata. Da ya ji abin da ya faru bai ce komai game da gida ba. Ya shiga kantinsa ya yi ta buga waya, daga wannan ofis zuwa wancan, har aka yarda za a kai saƙo ga fasinjan cewa yayarsa ta sauko, ba ta gane shi ba ne, ya sauka a tasha ta gaba za a zo a ɗauke shi. Washegari da hantsi amsa ta zo. Oddvar ya kasa kai mata shi kaɗai, ya biyo ta gidana muka shiga tare. Ya tsaya a tsakiyar kicin yana murza hularsa.

"Sun same shi. Sun faɗa masa."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce a yi musu godiya, amma kuskure aka yi. Wai ba shi da kowa a Lomvik. Kallo ya zo."

Na jira ta faɗi, ko ta kore mu. Ta zauna tana kallon hannayenta masu lanƙwasa. Can ta ɗago ta dubi Oddvar da idon nan nata na shinshina kifi.

"Haka ya ce da bakinsa?"

"Haka suka ce ya ce."

"Ƙarya yake yi," ta ce. "Na san shi tun yana rarrafe. In ya yi fushi haka yake, sai ya ce ba ya jin yunwa, in ka juya baya ya zo ya buɗe tukunya. Ban yarda ba. Zai dawo." Ta juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Torunn?"

Tun ina amarya nake faɗa da matar nan a kan ta riƙa yarda da abin da aka gaya mata. Na tuna yadda yake haki a gaban teburina, da yadda ya dafa shi da ya ji tana ciki. Na tashi na ɗora ruwan kofi.

"Haka ne," na ce. "Ni ma ban yarda da shi ba."